Ƙanina na son zuwa aikin sa kai a ƙauyen Tailan, wa ya san yadda zaman yake?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara na zo nema. Ƙanina ya kammala karatu a Malesiya, maimakon ya tattaro ya dawo sai ya ce wai wata ƙungiya ta ɗauke shi aikin sa kai a wani ƙauye a arewa maso gabashin Tailan, zai riƙa koya wa yara Turanci. Babu albashi, sai wurin kwana da abinci. Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba, ni kuma an ɗora min maganar don ni ce yake jin maganata. Don Allah wanda ya san ƙasar ya faɗa min tsakani da Allah: me zai ci, ina zai yi salla, kuma wane irin aiki ne wannan da mutum zai yi wa baƙin ido kyauta?

Rabi'u Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya ta fi shi gaskiya. Bai yi wa ƙasarsa bauta ba zai je ya yi wa ta wasu? Ni Bankok nake zuwa sarin kaya a Pratunam, na san mutanen. Fara'a kam akwai, amma baƙar fata ba ya sakewa. Ya dawo gida kawai.

Sadiya A.: Yaya, kafin maganar abinci a fara tabbatar da ƙungiyar. Akwai masu yaudarar matasa da sunan aiki a Tailan, da sun sauka Bankok a zuba su a mota zuwa garin Mae Sot, a tsallaka da su kogi zuwa Myawaddy a ƙasar Myanmar, a kulle su suna damfarar mutane ta intanet. A watan Fabrairun 2025 sai da Tailan ta yanke wa wasu garuruwan kan iyakar wuta kafin aka fara sako mutane, kuma wani babban rukuni da aka miƙo yawancinsu 'yan Habasha ne. Ki ce ya turo miki sunan makarantar da lardin da lambar shugaban makarantar, ya yi magana da shi ta bidiyo ki gani da idonki.

Maman Ikram: Inna lillahi. Kin ƙara tayar min da hankali. Ya dai ce lardin sunansa Roi Et.

Ɗan Isan: Anti, kwantar da hankalinki. Gargaɗin Sadiya gaskiya ne, a bi shi. Amma Roi Et tana gabas, Mae Sot tana can yamma, ba hanya ɗaya ba ce. Ni a wannan lardin na yi irin zaman da ƙaninki yake nema, a 2023, bayan na gama karatun noma a Khon Kaen. Yankin gaba ɗaya sunansa Isan, larduna 20 ne, kuma shi ne ya fi ko'ina ƙarancin samu a ƙasar. A gida harshen da ya fi kusa da na Laos suke yi, harshen Bankok sai a aji da ofis. To wanda ya koyi 'yan gaisuwa a littafi zai isa ya tarar tsofaffi wani abu daban suke faɗa.

Ga yadda yini yake tafiya. Bayan asuba barci ba ya komawa, don wajen ƙarfe shida mai gari zai kunna lasifikar da ke kan turken wuta, a ɗan sa kiɗa, sannan ya hau sanarwa: wane ya rasu, yaushe za a raba taki, wa ya ba da gudummawa a wurin bauta. Daidai lokacin sufayensu na addinin Buddha suke fitowa layi ɗaya cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryarsa. Tsofaffin mata na durƙushe bakin hanya, kowace ta gutsuro shinkafa daga kwandonta ta saka musu. Ba mai cewa uffan. Kai baƙo sai ka matsa gefe da kekenka su wuce.

Kafin ka isa makaranta yara sun share ta tas, su ne masu sharar, har banɗaki. Ƙarfe takwas a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, su yi addu'arsu, a raba madarar gwamnati. Da rana akwai abinci kyauta ga 'yan firamare, bayan an ci kowa ya ɗauko buroshinsa a jeru ana goge haƙori. Makarantun ƙauye ƙanana ne, dubbansu ɗalibai ba su kai 120 ba, za ka shiga aji ka tarar da yara takwas ko goma. Yawancinsu kakanni ke riƙonsu, iyayen suna Bankok ko masana'antun gabar teku suna aiko kuɗi. Wannan ya sa da yamma in ka zaga gari tsofaffi da jikoki kawai kake gani.

Rabi'u Kwari: Duk wannan labarin yawon buɗe ido ne. Aikin fa? Me ka koya musu?

Ɗan Isan: Alhaji, nan ne maganar take. Jadawali zai nuna kana da darasi, ka shirya tun dare, ka zo ka tarar aji wayam. Yau atisayen sikawut, gobe shirin gasar wasanni, jibi manya za su zo daga ofishin ilimi ana ta yankan ciyawa da fenti, gata an yi rasuwa duk malamai sun tafi. Kuma ba wanda zai gaya maka tun da wuri. Ba wulaƙanci ba ne, su a wurinsu kawo wa baƙo labarin da zai ɓata masa rai shi ne rashin ladabi, gara a bar shi ya gani. In ka kawo shawara a taron malamai kowa zai yi murmushi ya gyaɗa kai, ka tafi kana murna, wata ya wuce ba a yi komai ba. Murmushin nan a'a ne. Wanda kuma ya ɗaga murya don a ji shi ya gama zubar da kansa, daga ranar za a riƙa gaishe shi ana kauce masa.

Abin da nake so Anti ta gaya wa ƙaninta shi ne kada ya je da tunanin shi zai ceci wani. Garin ne zai ɗauki nauyinsa. Su za su ciyar da shi, su kai shi asibiti, su yi masa tafinta, su aiko yaro ya duba ko ya tashi lafiya. Ɗan amfanin da yake bari ba a bakin yara yake ba, a wurin malamar Turancin makarantar yake. Da yawansu sun san nahawu fiye da mu, bakin ne ba ya buɗewa don kunyar kuskure. In ya zauna da ita suka tsara darasi tare har ta saba magana a gaban aji, to ya yi aiki, don ita za ta zauna shi zai tafi. In kuwa ya karɓe ajin ita ta koma ofis tana cike takardu, ranar da ya hau mota komai ya bi shi.

Malama Hauwa: Wannan magana ta ƙarshe haka take ko'ina, ni malamar firamare ce na sani. Amma to me ya sa ba za a kashe kuɗin wajen horar da malamar ba, sai an ɗauko yaro daga wata duniya wanda bai taɓa riƙe alli ba?

Ɗan Isan: Malama, ban musa miki ba. Shi ya sa nake raba masu aikin gida biyu. Akwai masu dogon zama, irin na shirin Peace Corps na Amurka da ke ƙasar tun 1962. Su sai an yi musu horon harshe na watanni, su zauna gidan mutane, sannan su yi shekara biyu a gari ɗaya tare da malamin gida. Wannan na 'yan Amurka ne kaɗai, ƙanin Anti ba ya ciki. Akwai kuma masu biyan kuɗi su zo mako biyu, su koya wa yara launuka da sunayen dabbobi, su ɗauki hoto su wuce. Na gaba ya zo ya sake launuka da dabbobi. Na tarar da 'yan aji shida sun iya kiran giwa da biri da Turanci, amma ka tambaye su ina gidanku sai kallon kallo. In na mako biyu ne, ya riƙe kuɗin jirginsa. In zai yi zangon karatu guda cikakke ko fiye, akwai magana.

Malam Haruna: Duk kun tsallake abin da ya fi muhimmanci a tambayar baiwar Allah. Ƙasar masu bin Buddha ce. Abinci da salla fa?

Ɗan Isan: Allah ya gafarta Malam, ga shi. Musulmin Tailan ba su wuce kashi biyar ko shida cikin ɗari ba, kuma yawancinsu suna kudu, Pattani da Yala da Narathiwat da Satun. A ƙauyen Isan zai iya zama shi ne Musulmi na farko da suka taɓa zama da shi. Masallaci sai babban birni, Juma'a kuma ranar aiki ce, sai ya nemi alfarma tun farko. Sauran salloli a ɗakinsa ko wani lungu a makaranta, ba mai hana shi. Su mutane ne masu girmama duk wanda suka ga yana riƙe da ibadarsa.

Abinci ne jarrabawa. Alade yana cikin komai, har inda ido ba ya gani: romon taliya, man suya, garin ɗanɗano. In ka ce ba ka cin alade sai uwar gida ta tsame maka yankan naman daga miya ta miƙo maka da zuciya ɗaya. Dole sai an zauna an yi bayani a tsanake, kuma ya fi sauƙi ya samu tukunyarsa da kaskonsa. Kifin ruwa yana da yawa, ga ƙwai, ga ganyaye. Kajin manyan kamfanoni da yawa suna da tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ana samu a manyan shaguna a gari. Naman sa kuma a nemi mahautan Musulmi a birni, akwai su.

Abincin yau da kullum shinkafa ce mai danƙo da ake turarawa da asuba a zuba a ɗan kwandon gora mai murfi. A tabarma ake zama, kowa ya gutsura da hannu ya dunƙula ya dangwala. Abokin tafiyarta ɗanyar gwanda ce da ake gurzawa a daka a turmi da barkono da tafarnuwa da lemon tsami da ruwan kifin da aka tsima da gishiri wata da watanni. Warinsa na farko sai ka riƙe numfashi, daga baya kai ne mai neman ƙari. Barkono kuwa, duk wanda ke taƙama da cin yaji ya je can ya ga iyakarsa. Suna cin fara da gyare soyayyu, har kiwon gyaren suke yi. Farar dai ba ta ba ni wahala ba, su ne ma suka yi mamakin ganin na iya cire mata ƙafa.

Malam Haruna: To gaisuwarsu fa, ta haɗa tafuka a sunkuya? Da zaren da na ji ana ɗaura wa baƙo a hannu? Wannan ba al'ada ba ce kawai, akwai aƙida a ciki.

Ɗan Isan: Zaren gaskiya ne Malam. Biki ne na tarbar baƙo ko sallamarsa, dattijo ya yi karatu a kan wani ado na ganyen ayaba, sannan kowa ya ɗaura maka farin zare a wuyan hannu, a imaninsu yana tsare kurwar mutum kada ta yi yawo. Ni tun kafin ranar na sa shugaban makaranta ya gaya wa dattawa addinina bai yarda ba. Na zauna a taron, na ci abin da zan iya ci, tsofaffin suka riƙa riƙe hannuna suna sa albarka ba zare. Ba wanda ya ji haushi. Abin da ba sa yafewa shi ne a bari sai tsohuwa ta miƙo hannu a gaban jama'a sannan a fizge. Gunki ban taɓa sunkuya masa ba, ba a kuma taɓa nema na yi ba. Mutane kuwa ina haɗa musu hannu ba tare da na rusuna ba, haka na ga Musulmin ƙasar suna yi da maƙwabtansu.

Rabi'u Kwari: Ai in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Malam Haruna: Alhaji Rabi'u, ba kowace jela ake ɗaurawa ba. Ɗan Isan ya je da shekarunsa da saninsa, ya san inda zai tsaya. Yaro ɗan ashirin da 'yan kai, shi kaɗai, ba jam'i, ba mai tuna masa, kowace yamma ana miƙo masa kofin giya don karramawa, wannan nake ji wa tsoro. Ni ra'ayina in dai sai ya yi, ya nemi inda Musulmi suke.

Sadiya A.: Malam, lardunan kudun nan uku ana fama da rikici a cikinsu tun 2004, ba kowace ƙungiya ke kai baƙo can ba. Satun ce da sauƙi.

Ɗan Isan: Maganar giya Malam ya faɗi gaskiya, akwai wata fara mai ƙarfi ta shinkafa da maza ke sha, ba biki ba jana'iza sai da ita. Amma in ka ƙi tun ranar farko ka tsaya a kai, su da kansu za su riƙa gaya wa baƙi wannan ba ya sha, a kawo masa lemo. Mai cewa yau dai kaɗan shi ne ba ya tsira. Azumi ne ya fi ba ni wuya. Na 2023 ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar zafinsu, rana tana haura maki 40, makarantu na hutu, gari ya yi tsit. A ciki aka yi bikin sabuwar shekararsu na 13 zuwa 15 ga Afrilu, wanda ake watsa wa juna ruwa. Ni dai ban taɓa jin daɗin a sheƙa min bokitin ruwa kamar ranar ba. Matar gidan da nake, wadda kowa ke kira Uwa, ta kasa gane yadda mutum zai ƙi ko ruwa, amma kullum kafin rana ta faɗi ta yanka min kankana ta rufe.

Nas Zainab: Ni fannin lafiya nake son ji. In ya kwanta ciwo fa?

Ɗan Isan: Anti Nas, a nan sun yi mana nisa. Kowace gunduma ƙarama tana da ɗan asibitinta, kuma tun 2002 suke da shirin lafiya na kowa da kowa da aka fi sani da na baht 30 (baht kuɗin ƙasar ne). Wannan na 'yan ƙasa ne, baƙo sai da inshora, kada ya taka ba ita. Sannan suna da 'yan sa kai na lafiya na ƙauye, sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, yawanci mata, kowace da gidaje goma sha wani abu da take kula da su. Su ke auna hawan jinin tsofaffi, su ke bi gida gida da tocila suna leƙa manyan randunan siminti na tara ruwan sama, in sun ga tsutsar sauro su zuba magani. Zazzaɓin dengi ne abin tsoro da damina, sauronsa da rana yake cizo. In ana maganar aikin sa kai a Tailan, waɗannan matan ne masu yinsa, mu baƙi 'yan rakiya ne.

Abin da ya fi ciwo kashe baƙi shi ne babur. Hagu suke bi a titi, kuma ƙasar tana cikin waɗanda suka fi yawan mutuwa a hatsarin hanya, akasari masu babur. Ya riƙe keke, in ya hau bayan wani ya sa hular kwano. Karnuka kuma kowane gida akwai, ga na wurin bauta marasa mai su. In kare ya cije shi ko ya yakushe shi, asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Alhaji Ɗan Maraɗi: Ni tambayata daban ce. Shinkafar Tailan da ta cika mana kasuwa ta Kwatano, waɗannan talakawan ne ke noma ta?

Ɗan Isan: Ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Wadda ake turo mana dafaffiya ce, yawancinta daga tsakiyar ƙasar inda ake noman rani. Isan ƙasa ce mai yashi, wani wurin har da gishiri, ruwan sama suke jira, sau ɗaya a shekara. Mai danƙo suke ci, mai ƙanshi suke sayarwa, kuma mafi shahararta daga filin Thung Kula take, wanda ya ratsa larduna biyar har da Roi Et. Dashe wajen Yuni da Yuli, girbi Nuwamba. Ranar da baƙo ya tuɓe takalmi ya shiga taɓo ya yi dashe tare da su, ko layinsa a karkace yake, za a daɗe ana ba da labarinsa fiye da duk darasin da ya koyar.

Rabi'u Kwari: Har yanzu ba ka taɓa maganata ta fata ba.

Ɗan Isan: Ban manta ba Alhaji. Akwai. Ƙasa ce da man bilicin ya cika shaguna, kuma iyaye da yawa in an ce malamin Turanci Bature suke sa ran gani. Makon farko yara ƙanana wasu gudu suke yi, wasu su zo su shafa hannunka su duba yatsunsu. A mota za ka ga kujerar kusa da kai ita ce ta ƙarshen cika. Amma a ganina birni ya fi ƙauye wannan ciwon. A Bankok kai baƙar fata ne kawai, a ƙauye kuwa bayan wata guda kai malamin jikan wance ne. Su kansu mutanen Isan 'yan birni na yi musu kallon baƙaƙe 'yan ƙauye, sun san ɗacin abin.

Rabi'u Kwari: Ka dai ji daɗinka. Ni ban sauya ra'ayi ba.

Barista Nura: Bari in ƙara na doka. A Tailan aikin sa kai ma aiki ne, ko ba a biyanka. Bizar yawon buɗe ido ba ta isa ba, sai bizar da ta dace da kuma takardar izinin aiki, kuma ƙungiyar ce za ta ba da takardun nema. Duk wadda ta ce ya shigo kawai a gyara daga baya, ya rabu da ita. Mai dogon zama yana kai rahoton inda yake ga hukumar shige da fice duk kwana 90, wanda ya wuce wa'adin bizarsa kuma tarar baht 500 ce kowace rana. Mai fasfon Najeriya ana neman takardar wankewa ta NDLEA da katin rigakafin shawara. Sannan ya kama bakinsa da yatsunsa a kan gidan sarauta, ko a Facebook. Sashe na 112 na dokar laifuffukansu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, kuma baƙo bai tsira ba.

Maman Ikram: Allah ya saka wa kowa da alheri, na kwashe duka na tura masa. Ya ce wata shida ne, kuma gidan wata malama za a sauke shi. Na ce ya turo takardar gayyatar Barista ya duba mana in ba damuwa. Ɗan Isan, in Hajiya ta sauko, wane lokaci ya fi dacewa ya je?

Ɗan Isan: Shekarar karatunsu tsakiyar Mayu take farawa, zangon farko ya ƙare farkon Oktoba, na biyu ya kama daga Nuwamba zuwa Maris. Ya daidaita da farkon zango, kada ya faɗo tsakiya. Na Nuwamba ya fi sauƙin yanayi, akwai sanyi sanyi da girbi, sai dai ya duba inda azumi zai same shi. Ya tambaya ko gidan suna kiwon alade, kuma ko za a bar shi ya yi girkinsa.

Malam Haruna: Ya kuma tambayi nisan masallaci mafi kusa, da kilomita, ba "kusa ne" ba.

Barista Nura: Turo takardar ta akwatina, Maman Ikram, har da lambar rajistar ƙungiyar in akwai.